Asibitin dabbobin da nake kai karnukan gonata a Kaduna, da maganar inshorar karen da suka fito da ita

Masu tambayata ina nake kai karnukan gona in ba su da lafiya, toh ga amsa. Wani asibitin dabbobi ne na kuɗi a cikin garin Kaduna, ba zan kama suna ba saboda akwai inda zan yaba akwai kuma inda zan taɓa su. Wajen aiki dai likitar wurin ta san abinda take yi, wannan ko maƙiyinta ya shaida. Wajen tsari da karɓar mutane kuwa da sauran gyara. Ita kuma inshorar karen nan da suke ta tallatawa, dan Allah kar kowa ya sa hannu sai ya karanta takardar har ƙasa.

Kaji nake kiwo a wata 'yar gona ta hanyar Zariya, karnukan na gadi ne, kuma kafin wani ya fara min wa'azi, malamai sun halatta na gadi da na kiwo da na farauta, dabbar da ka ɗaure kuma haƙƙinta na wuyanka, ci da sha da magani.

Abinda ya fara haɗa ni da su wani kwikwiyo ne da aka kawo min daga Jos, mai sayarwar ya rantse an masa rigakafi amma babu kati. Bai daɗe ba ya daina cin abinci, sai amai, sai zawo da jini mai wani irin ƙarni da in ka taɓa jinsa ba ka mantawa. Muna shiga likitar ko tambaya bata gama ba ta ɗaga leɓensa ta nuna min dasashin ya yi fari fat, ta kama fatar ƙeyarsa ta ja ta saki, fatar ta tsaya a tsaye ta ƙi komawa. Tace "Alhaji ka ga wannan? Ruwan jikinsa ya ƙare." Ta ɗebi kashin a wani ɗan tsinke mai auduga ta yi gwaji nan take, ya nuna cutar da suke ce wa fabo, wacce ta fi kashe 'yan kwikwiyo. Nace Dakta a masa allurar da zata kashe cutar mana, tace babu ita, ƙwayar bairos ce, abinda ake yi shine a riƙe shi da ƙarin ruwa da maganin amai da maganin kashe ƙwayoyin da ke bi ta raunin hanji su shiga jini, har jikinsa ya yi faɗan da kansa, kuma ba zata min alƙawarin zai tashi ba. Wallahi wannan maganar ce ta sa na yarda da ita, domin da irin masu yawo da jaka a babur ne da tuni an danna masa allura kala uku an karɓi kuɗi an ce gobe zai miƙe. Aka kwantar da shi, Allah ya yi da sauran kwana ya tashi. Kuɗin da na biya kuwa ya kusa na buhun shinkafa, a kan kwikwiyon da rigakafinsa gaba ɗaya bai kai rabin haka ba.

Da zan ɗauke shi sai da ta zaunar da ni. Wai ƙwayar fabo tana yin watanni a ƙasa bata mutu ba, har shekara tana iya kaiwa, kuma sabulu da ruwan zafi ba sa mata komai, sai dai a wanke keji da kwanon abinci da ruwan bilic, a bar shi ya jima kafin a ɗauraye, kuma kar na kawo sabon kwikwiyo wurin sai wanda ya gama allurarsa. Ta rubuta min tsarin a bayan kati: allurar da suke rubutawa DHLPP, wato rigakafin fabo da wasu cututtukan a haɗe, ana farawa daga sati 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa duk bayan sati 3 ko 4 har ya kai wajen sati 16, ta haukan kare kuma in ya kai wata 3, daga nan duk shekara. Abinda na lura da shi kuma ya burge ni, a gabanka ake buɗe firij a ɗauko kwalbar, firij ɗin na kan sola ba ruwansa da ɗauke wuta, in an gama a ɓare 'yar takardar jikin kwalbar a manna maka a kati a sa kwanan wata da hatimi. Rigakafin da ya sha rana a jakar wani ruwa ne kawai, ka biya kuɗi kana ganin karenka ya tsira alhali ba komai a jikinsa.

Da damina matsalarmu kaska ce da tsutsar nan ta cikin fata. Babban karen ya taɓa yin wasu ƙuraje a ciki da cinya, na zata maruru ne, yaron asibitin ya shafa man basilin a bakin ɗaya ya ɗan jira ya matsa, sai ga farar tsutsa ɓul ta faɗo kan tire tana motsi. Ashe wani ƙuda ne ke ƙwai a ƙasa inda kare ke kwanciya. Kaska kuma ba shan jini kaɗai take ba, tana sa musu zazzaɓin da ke cinye jini, maganinsa sai an yi wajen sati 4 ana bayarwa, ba a tsayawa don an ga kare ya fara cin abinci. A nan likitar ta ja min kunne kan abu biyu da mutanenmu ke yi: wanka da fiya-fiya ko maganin feshin gona don kashe kaska, da ba kare maganin ciwon jiki na mutane irin su ibuprofen da diclofenac, masu huda masa ciki su lalata ƙoda.

Maganar haukan kare kuwa bata wasa da ita ko kaɗan, ko me ya kawo ka sai ta duba katin ta ga ko allurar ta ƙare. Da gaskiyarta, hukumar lafiya ta duniya tace cutar na kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, kuma da zarar alamu sun bayyana shikenan sai dai addu'a. In kare ya ciji mutum a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 a wuce asibitin mutane a ranar, ba zancen ƙona gashin karen a shafa. Rigakafin na karnuka ma a nan gida ana yinsa, a cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos, don haka ba wani abu ne da ya gagari talaka ba.

Toh yanzu inda suka gaza. Wurin jira ɗaya ne tal, mai rago da mai mage da mai kwikwiyon da ya zo rigakafi da mai wanda ke zawo da jini duk benci ɗaya, ƙasa ɗaya, haba, ku da bakinku kuka ce ƙwayar na zama a ƙasa. Ni yanzu a mota nake barin nawa sai an kira ni. Gab da babbar sallah kuwa kar ma ka soma, raguna sun cika harabar. Ba sa aikin dare, lambar da suka rubuta ta gaggawa na kira ta wani dare har na gaji ba a ɗauka ba, washegari aka ce wayar na hannun wanda ya yi tafiya. Sannan yarinyar da ke zaune a kanta bata barinka ka fita sai ta tallata maka abincin kare na buhu ɗan waje, alhali ita likitar da kanta tace abincin gida ya isa in akwai nama ko kifi a ciki kuma ba albasa.

Sai inshorar. Tsarin shine ka biya kuɗin shekara a dunƙule kan kowane kare. Da na karanta takardar, abinda ke ciki rigakafin shekara ne, maganin tsutsar ciki duk wata 3, maganin kaska, ganin likita ba kuɗin kati, da ɗan ragi in an kwantar. Tiyata babu, karaya babu, cin guba babu, cizon maciji babu, wato duk abinda ke sa mutum ya nemi bashi da tsakar dare an cire shi. A Ingila da Amurka inda abin ya kafu akasin haka ne, kamfanin inshora kake biya duk wata, shi ke ɗaukar manyan abubuwan irin haɗari da tiyata bayan ka biya wani kaso da kanka, rigakafi kuma galibi daga aljihunka, kuma ba sa karɓar ciwon da kare ya riga ya zo da shi. Nan kuwa asibitin ne da kansa ke karɓar kuɗin, ba wani kamfani a bayansa, in suka rufe gobe ban ga wanda zaka kama ba. Na faɗa wa likitar haka, tayi dariya tace ai dabara ce ta sa mutane su dawo rigakafi, don in sun biya tun farko ba sa yarda kuɗinsu ya tafi a banza. Na ji daɗin da bata murɗa zancen ba.

Da na lissafa, kuɗin tsarin da abinda zan kashe in ina zuwa ɗai-ɗai kusan ɗaya ne, ribar kawai suna kiranka a waya in lokacin allura ya yi. Mai mantuwa ko mai karnuka da yawa zai amfana. Ni na yi wa ƙananan biyu saboda su ne ke da zirga-zirgar allura, manyan kuma ina cire wani abu daga kuɗin ƙwai duk wata ina ajiyewa gefe saboda ranar tsautsayi. In abu ya kai ga babbar tiyata ko hoton ƙashi dama ba a nan ake yi ba, takarda take rubuta maka zuwa asibitin koyarwa na dabbobi na ABU Zariya, motar da zata kai ku kuma kai zaka nema, don ba kowane direba ke yarda ya ɗauki kare ba.