Iskandariya ko dalar Giza, in wuni ɗaya gare ka

Alhaji, tunda wuni ɗaya jirgin ruwan naku zai yi a tashar Iskandariya ta ƙasar Masar, ka zauna cikin garin, ka bar zancen bas ɗin da ke kai mutane Alƙahira kallon dalar Giza.

Dalar Giza, wato manyan gine-ginen nan na Fir'aunoni, na biya na je. Duwatsu ne manya, ba musu, amma tafiyar ta haura kilomita 200, kusan awa uku zuwa, uku dawowa, rabin wunin a kujerar mota ya ƙare, ga rana, ga mai jagora na ta duba agogo.

Iskandariya kuwa kana fita geti ba nisa ka isa unguwar Anfushi, inda masallacin Abul Abbas Almursi yake, malamin ɗariƙar Shaziliyya da ya rasu a 686 bayan Hijira. Dab da shi akwai masallacin almajirinsa Imam Busiri, mai Burda da Hamziyya, kabarinsa na nan ciki. Mu da munka tashi a Gwandu muna jin tsofaffi na rera Burda daren Mauludi, wallahi da na shiga na ga baitocin nan rubuce jikin bango sai da jikina ya yi sanyi, Hajiya ma da ke ta ƙorafin ƙafa ba ta so munka fito ba. Daga nan sai ka bi bakin teku a ƙafa, kana ratsa masu gyaran komar kamun kifi da ƙananan jiragen masunta, har ganuwar Ƙaitbai. Sarkin Musulmin Masar na lokacin ne ya fara gina ta a 1477, daidai inda tsohuwar hasumiyar da ke haska wa jirage hanya take kafin girgizar ƙasa ta rushe ta. Ka hau sama, iskar wurin kaɗai ta biya kuɗin tikiti. In da sauran lokaci ga babban ɗakin karatun da anka buɗe a 2002.

Kar ka koma jirgi cin rana. Gidajen kifin unguwar kai za ka nuna wanda kake so bisa ƙanƙara, a auna gabanka, a gasa a kawo da shinkafa da gurasa. Mu 'yan Kabi ba a yi muna burga da kifi, amma na gishiri ɗanɗanonsa daban ne.

Sai ka yi hattara da masu tasi na bakin geti, ku gama ciniki kafin ka shiga, ka kuma tabbatar fam ɗin Masar yake nufi ba dalar Amurka ba. Takardun zanen Fir'auna da ake tallar su kan titi da yawa ganyen ayaba ne anka shafa wa fenti, kar ka saya. Kuma in kai kaɗai ka fita ba da tawagar jirgi ba, ba su jiran kowa, ka dawo da awa guda a hannu.