Mesa Ta Yi Ƙwai Ba Zato: A Bar wa Uwar, Ko a Kwashe Zuwa Akwati?

Ɗan'uwa, ka ce ka buɗe kejin ƙaramar mesarka, irin mai dunƙulewa idan ta tsorata, ka tarar ta naɗe a kan ƙwai bakwai, alhali tun da ta zo hannunka ba ta haɗu da namiji ba. Kana tambaya ko ka bar mata su, ko ka kwashe ka sa a injin ƙyanƙyasa. Shawarata ka bar mata, aƙalla a yanzu. Bari in jera maka hanyoyin biyu ka ga dalili.

Kafin nan, kada rashin namiji ya sa ka ɗauka duk dungu ne. Macen mesa tana iya ajiye maniyyi a jikinta tsawon watanni, wataƙila ta zo da shi daga wurin wanda ya sayar maka. Akan kuma samu wadda ta yi ƙwai mai rai ba tare da namiji ba. A shekarar 2020, a gidan namun daji na St. Louis a Amurka, wata mesa irin taka mai kimanin shekara 62 ta saka ƙwai bakwai bayan ta shafe fiye da shekara 15 ba ta kusanci namiji ba. Don haka ka kashe fitila, ka ɗora ƙaramar tocila a jikin ƙwan da ya leƙo ta gefenta. Mai rai fari ne, cikakke, za ka ga jajayen jijiyoyi a ciki. Marar rai ƙarami ne, yana da ruwan ɗorawa, babu jijiya ko ɗaya.

Abin da ƙwan ke bukata bai canza ba ko a hannun wa yake: zafi tsakanin 31 da 32 a ma'aunin Salshiyos, danshi mai yawa a iska ba tare da ruwa ya taɓa ɓawon ba, da kuma kwana 55 zuwa 60 ba a juya shi ba. Bambancin yana ga wanda zai ɗauki wannan nauyi.

Mu fara da danshi, domin nan ne uwa ta fi kowane akwati. Ɓawon ƙwan mesa ba mai tauri ba ne, laushi gare shi irin na fata, ruwa yana shiga yana fita ta jikinsa. Idan uwa ta naɗe a kai, jikinta ne murfin da ke hana ruwan tsiyayewa. Ta matsa idan iska ta bushe, ta sassauta idan ƙwan na bukatar shan iska. Wannan mesa 'yar Afirka ta Yamma ce, daga dazuzzukan Ghana, Togo da Benin ake fitar da mafi yawanta zuwa ƙasashen waje, kuma a Togo ɗin masu bincike suka gwada ƙwan da uwa ta kwanta a kai da wanda aka raba da ita. Wanda aka bar wa uwa bai yi asarar ruwa sosai ba, 'ya'yan kuma sun fito da girma da kuzari. A akwati kuwa kai ne za ka samar da danshin: ka cuɗa garin bamikulait, wanda masu renon tsirrai ke amfani da shi, da ruwa daidai nauyinsa, awo da sikeli ba da ido ba, ka binne ƙwan zuwa rabi, ka rufe. Ruwa ya yi yawa, ƙwai ya kumbura ya yi fumfuna. Ya yi kaɗan, ya yamushe. Ko raɓar da ke taruwa a murfi tana ɗiga a kansa ma ɓarna ce.

Wajen zafi akwati ne a gaba, amma da sharaɗi. Ƙaramar mesa ba ta da ƙarfin ɗumama ƙwai da karkarwar jiki yadda manyan mesoshin Asiya ke yi. Iyakarta ta fita ta sha ɗumi, ta dawo da shi. Idan kejin ya yi sanyi, ƙwan ma ya yi sanyi. Akwati mai na'urar daidaita zafi zai tsaya cak a 31 dare da rana. Sharaɗin shi ne wuta ba ta yankewa, kuma an gwada akwatin kwana biyu ko uku babu ƙwai a ciki an ga ya zauna. Masu kiwo a Turai da Amurka sun fi son wannan hanya, amma su sukan kunna injinsu tun kafin uwa ta saka. Kai ƙwai ya riga ka. Akwatin da aka harhaɗa cikin gaggawa da dare ya fi kashe ƙwai a kan uwar da ta riga ta kwanta. Ka kuma lura da cewa sanyin 'yan sa'o'i jinkiri kawai yake kawowa, zafin da ya wuce 34 ya daɗe kuwa kisa ne ko nakasa. Wanda yake Arewa a watan Afrilu, damuwarsa sanyaya ɗakin ce, ba ɗumama shi ba.

Ina roƙonka kada ka ari injin ƙyanƙyasar kaji. Shi yana aiki a 37 da rabi, kuma yana juya ƙwai da kansa. Ɗan tayin maciji yana kafuwa ne a saman ƙwai tun ranar farko. Idan aka kifa ƙwan, ɗan tayin yana iya cutuwa, har ya mutu.

Abin da kwanci ke ci shi ne jikin uwar. Yawancinsu ba sa karɓar abinci wata biyun nan, ga shi ƙwan ya riga ya tafi da kaso mai yawa na nauyinta. Idan cikakkiya ce mai jiki, za ta jure, sai dai ka ajiye mata ruwa kusa, ka zagaye maɓoyarta da ɗanyen gansakuka ko tsumma mai laima, ka sa ma'aunin zafi a gefenta, ka daina ɗaga ta kana nuna wa baƙi. Idan kuwa ramammiya ce, ƙashin bayanta ya fito, ko ta watsar da ƙwan ta koma wani lungu ta yini ba ta dawo ba, to akwati ya zama dole. Ku zama ku biyu, ɗaya ya lulluɓe kanta da tawul ya warware ta a hankali, ɗaya ya ɗauki ƙwan yadda yake. Ka sa alama da fensir a saman kowanne. Za ka tarar sun manne da juna; kada ka ɓamɓare su. Bayan nan ka wanke ta da kejin, don muddin tana jin ƙanshin ƙwan za ta ci gaba da naɗewa a wurin tana ƙin ci. Kai ma ka wanke hannu da sabulu, macizai na ɗauke da ƙwayar cutar salmonela.

Wannan zaɓi na masu mesa ne kawai. Mai kiwon macijin masara, wani irin maciji na Amurka, ba shi da shi, domin uwar takan saka ta yi gaba. Nasa ƙwan akwati ne a zafi 27 zuwa 28.

A makonni biyun ƙarshe ƙwan zai lotsa, ko a ƙarƙashin uwa ko a akwati, kada ka ƙara ruwa don haka. Ɗan zai tsaga ɓawon da ɗan haƙorin da ke kan hancinsa, ya leƙo, ya koma ciki ya yi kwana ɗaya ko biyu yana ƙarasa shanye gwaiduwa. Kada a jawo shi. Ba zai ci ba sai ya yi saɓar farko, bayan mako ɗaya zuwa biyu.

Sai ka yi lissafin bayan ƙyanƙyasa tun yau. Kowane ɗa yana son akwatinsa shi kaɗai da ɗan ɓera duk mako, kuma irinsu na kai shekara 20 zuwa 30. Idan ba ka da wurin bakwai, ba ka kuma da masu karɓa da ka amince da riƙonsu, ka kwashe ƙwan cikin kwanakin nan na farko ka daskarar da shi a firiza kwana biyu kafin ka zubar, tun ɗan tayin bai yi nisa ba.