Ɗaliban injiniya da burtsatsen unguwarmu a Agege

Wata jami'a a nan Legas tana da shirin tura ɗaliban injiniya 'yan aji huɗu cikin unguwanni, su yi aiki tare da jama'a, a ba su maki a kai. Namu rabon ya faɗo kan rijiyar burtsatsen masallacinmu da ta daɗe a mace. Ni ne sakataren kwamiti, don haka da ni aka yi komai.

Shirin ya bambanta da SIWES, shirin koyon aiki na ɗalibai wanda hukumar horar da ma'aikata ta ITF ta fara a 1973, inda ɗalibi ke zuwa kamfani ya koyi aiki. A nan sharaɗin malamarsu shi ne kada su taɓa sufana sai sun gano wa zai amfana, wa kuma zai cutu. Mu dai so muke a sa sola, ruwa ya zama kyauta ga kowa. Sai wata ɗaliba ta ce, "Alhaji, to 'yan garuwa fa?" Wallahi duk cikinmu ba wanda ya kawo su a rai, alhali yaranmu ne, daga Katsina da Sakkwato, da kurar jarkoki suke ciyar da iyalai a gida. Aka kira su zama, aka sa tafinta domin ɗaliban Yarbanci da Turanci suke ji. Aka tsaya a kan famfo biyu kyauta ga masu bokiti, wuri ɗaya kuma na 'yan garuwa, su biya kaɗan a kowace kura, kuɗin ya shiga asusun gyara. Matan layi ne suka sa aka mayar da famfon gefen titi, don ba sa son ratsa harabar masallaci. Wannan ɓangaren na yaba masa ƙwarai.

Aikin hannu ba laifi. Sun gwada ruwan a ɗakin gwaji, sun canza famfon ƙasa, sun ɗora farantan sola a rufi.

Inda suka gaza shi ne bayan zango ya ƙare. Sun gabatar da rahoto, sun ci maki, shi ke nan. Da na'urar sarrafa wutar ta ƙone a damina, lambar da suka bari ba ta shiga, takardar bayani kuma da Turancin injiniyoyi take. Wani mai gyaran sola a kasuwar Alaba ya cece mu, da kuɗin 'yan garuwan nan. Ɗaliban da kansu sun ba mu labarin makarantar kan ruwa ta unguwar Makoko a nan Legas, da aka gama a 2013 ta rushe a 2016, a matsayin darasi kan rashin kulawa, ga shi sun maimaita.

Duk unguwar da aka yi wa tayin shirin ta karɓa. Amma tun ranar farko ku nemi a horar da yaranku biyu kan gyara, ku kuma karɓi lambar malamar, ba ta ɗalibai ba.