The Green Papers: shafin bin jadawalin zaɓen fidda gwani a Amurka

Wanda ya buɗe shafin intanet na The Green Papers karon farko zai ɗauka an daɗe da yin watsi da shi. Ƙananan rubutu ne cunkushe, babu hoto, babu bidiyo, a waya kuwa sai an yi ta jan shafin hagu da dama. Kyauta ne, da Turanci kaɗai, kuma yana nan tun 1999. Sai dai ga mai son fahimtar yadda jam'iyya ke tsara ranakun zaɓen fidda gwani na shugaban ƙasa, da wuya a samu wanda ya fi shi.

Kowace jiha da shafinta: ranar zaɓe, ko ƙuri'a ce da gwamnatin jiha ke gudanarwa ko taron 'yan jam'iyya, waɗanda aka yarda su yi zaɓen, yawan daliget (wakilan da ke zaɓen ɗan takara a babban taron jam'iyya) da yadda ake raba su mazaɓa-mazaɓa. A fara da jerin da aka tsara bisa kwanan wata, a nan amfaninsa yake, domin yana nuna ƙarara cewa uwar jam'iyya ba ita kaɗai ke riƙe da kalanda ba.

Duba 2024. Jam'iyyar Democrat ta sauke Iowa da New Hampshire daga sahun gaba, ta sa South Carolina ranar 3 ga Fabrairu, Nevada ranar 6, Michigan ranar 27. New Hampshire ta ce ba ta san zancen ba, don dokarta ta ce dole zaɓenta ya riga na kowace jiha mai irinsa da aƙalla kwana bakwai. Ta yi nata ranar 23 ga Janairu, babu sunan Joe Biden a takardar ƙuri'a, magoya bayansa suka rubuta da hannu har ya ci. Jojiya ma an so a jawo ta Fabrairu, amma sakataren jihar, ɗan Republican, shi ke da ikon sa rana, ya sa 12 ga Maris. Tun kafin a sanar da jadawali ya kamata a duba wa ke da wuƙa da nama a kowace jiha. Barazanar da uwar jam'iyya ke yi ta ƙwace daliget ɗin jihar da ta saɓa wa jadawali ba ta cika tasiri ba. Democrat ta gwada ta a kan Florida da Michigan a 2008, daga baya aka mayar musu da kujerunsu.

Wajen lissafin daliget ma shafin ya yi ƙoƙari. Zai nuna maka sharaɗin kashi 15 cikin ɗari da ɗan takarar Democrat zai samu kafin a ba shi kaso, da ƙa'idar Republican ta 2024 da ta hana jihohin da suka yi zaɓe kafin 15 ga Maris, ban da Iowa, New Hampshire, Nevada da South Carolina, bai wa mutum ɗaya duka daliget kai tsaye. Sai dai wannan ƙa'ida ba ta hana babbar Talatar 5 ga Maris, ranar da jihohi goma sha biyar suka yi zaɓe tare, kusan rufe takarar a rana ɗaya ba.

Inda ake tuntuɓe shi ne alƙalumansa iri biyu: na hasashe, wanda ke sauyawa yayin da sakamako ke shigowa, da na daliget ɗin da aka riga aka ɗaure wa ɗan takara bisa ƙa'ida. Ɗan jarida mai gaggawa zai iya kwafo na farko a matsayin tabbatacce. A karanta kan layin kafin a ɗauki lamba, a kuma tabbatar shafin na shekarar da ake nema ne, don na tsofaffin zaɓuka suna nan kuma kamanninsu ɗaya.