Birki da sarbo ko babu sarbo: abin da ake yi a Amurka da abin da ya dace da akori-kurarmu

Assalamu alaikum iyayen gidana masu gareji a Garwa da Marwa, da 'yan'uwa makanikai na Kusiri da Njamena. Ya aiki, ya fama da zafi?

Hotunan akori-kura na tsere da ke yawo a Facebook, waɗanda ake buɗe bonet a ga masta (famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi) tsirara babu baƙin tulun sarbo (abin da ke ƙara wa ƙafar direba ƙarfi in ya taka birki) a bayansa, sun sa yaran gareji na tambaya ko cire sarbo shi ne sabon yayi. Gaskiya ne ana cirewa a nan Amurka. A jihohi irin su Teksas akwai masu sayen tsofaffin Chevrolet C10 da Ford F-100, su rage musu tsayi da nauyi, su ɗora musu injin fetur mai silinda 8. Amma ba don ado suke cire sarbo ba, injin ne ke tilasta su.

Sarbo da zuƙar iska yake aiki, kuma a motar fetur daga manifol, bututun da ke raba wa inji iska, yake samunta. Yana son agogon awo ya nuna zuƙar kusan inci 18, wato wajen bar 0.6, in mota tana silo. Da ya sauko ƙasa da inci 15 feda ta fara tauri. To kamshaf ɗin tsere, wato sandar da ke buɗe bawul, yana barin bawul na shiga da na fita a buɗe tare na ɗan lokaci, sai zuƙar ta faɗo inci 10 ko ƙasa. Direba ya taka sau ɗaya birki ya kama, ya sake takawa ya ji kamar dutse. Sarbon da ba shi da tabbas ya fi rashinsa haɗari. Ga kuma ƙarancin wuri: babban inji da bututun hayaƙinsa sukan cinye gurbin sarbo mai faɗin inci 11. Masu tseren kuma suna son su ji a tafin ƙafa daidai lokacin da taya ke shirin kullewa, abin da sarbo ke ɓoyewa.

Abin da hoto ba ya nunawa shi ne, in sun cire sarbo, komai suke canzawa. Fedar motar da ke da sarbo tana ninka ƙarfin ƙafa kusan sau 4. Wadda babu sarbo tana bukatar sau 6 zuwa 7, don haka sai an huda sabon rami a hannun feda, a matsar da sandar turi kusa da inda fedar ke lilo. Masta ma ana sauya shi da mai ƙaramin baki, inci 7/8 zuwa inci 1, maimakon inci 1 da 1/8 da ake haɗawa da sarbo.

Ku yi lissafin da kanku. Ƙafa ta danna da nauyin kilo 45, feda ta ninka sau 6, an sami kilo 270. Masta mai bakin milimita 22 zai mai da wannan ya zama matsin bar 70 ko kusa da haka, abin da birkin faifai ke bukata don tsayawa ta gaggawa. Yanzu ɗauki wannan ƙafar, feda mai ninki 4, masta mai bakin milimita 28.6, sarbo a mace: bar 28 kacal za ka samu. Wannan ita ce motar da ake toshe wa tiyon sarbo da kusa ko ƙulli a ce wa direba "ka dai riƙa takawa da ƙarfi". Ba birkin tsere ba ne, birki ne da ya rasa fiye da rabin ƙarfinsa.

Akwai wani tarko kuma. Mastan da aka ƙera don aiki ba sarbo yana da rami mai zurfi a bayan fistan, ko abin riƙe sandar turi. Na sarbo raminsa ɗan kaɗan ne. In aka haɗa shi kai tsaye da feda, sandar tana iya zamewa ta faɗi lokacin da feda ta dawo, takun gaba kuma sai ƙasa. Ƙaramin masta shi ma da nasa aibin: feda tana tafiya mai nisa kafin ta kama, kuma in kalifa, masu matse faifan birki, manya ne man da yake turawa ba zai ishe su ba.

Wanda ba ya son rabuwa da taimako yana da mafita a kasuwar nan. Akwai sarbo mai faɗin inci 7 ko 8 mai roba biyu a ciki, akwai gwangwanin ajiyar zuƙa, akwai famfon zuƙa na lantarki. Wanda ya fi su duka shi ne Hydroboost, mai aiki da matsin man famfon sitiyari, irin wanda ake samu a manyan akori-kura masu gazuwal kamar Ford F-250 da Silverado 2500HD. Ƙarfinsa ya wuce na sarbo nesa, kuma yana da 'yar ma'ajiya da ke ba da taku biyu ko uku in inji ya mutu. Aibinsa, in bel ɗin famfo ya tsinke ko tiyo ya fashe, sitiyari da birki tare suke yin nauyi. A hanyar da babu kantin kaya sai an yi tafiyar wuni, wannan abin dubawa ne.

Mu kuwa yawancin motocinmu Hilux ne da Land Cruiser masu gazuwal, kuma injin gazuwal ba ya samar da isasshiyar zuƙa a manifol. Famfo ne na musamman ke yi. A tsofaffin Hilux masu injin 2L, 3L da 5L yana manne a bayan altaneta, man inji ke shafa shi. Duk wanda ya sa altanetar da ba ta da wannan famfo ya kashe sarbo da hannunsa. Motar da ke ɗaukar buhunan masara ko albasa, an sa mata manyan taya, ta gangaro dutsen nan na hanyar Ngaundere zuwa Garwa, ba ta da abin haɗi da C10 mara kaya a filin tsere mai santsi. Babbar taya kanta tana rage ƙarfin birki. Ra'ayina, irin wannan mota kada a raba ta da sarbo, a gyara shi.

Gwajin ba ya cin kuɗi. A kashe inji, a taka feda sau biyar ko shida har ta yi tauri, a riƙe ta, a tayar da mota. In ta ɗan nutse, sarbo na aiki. In ba ta motsa ba, a duba tiyo, a duba ɗan bawul ɗin da ke hana iska komawa, sannan famfo. In an ciro masta aka ga jiƙa a bakin sarbo, robar bayan masta ce ke yoyo, man birki kuma yana cinye robar ciki. Tazarar sandar sarbo da fistan kada ta wuce kusan rabin milimita. In sandar ta yi tsayi birki zai riƙa riƙewa da kansa in ya ɗau zafi. Shi kuma man birki, DOT 3 sabo yana tafasa a digiri 205, DOT 4 a 230, amma in sun sha danshi sai su sauko 140 da 155. Gorar man birki da aka buɗe ta kwana wata a ajiye ba ta motar da za ta gangara dutse ba ce.

Ta fuskar ciniki, nan sun fi mu tabbas. Kantuna irin su AutoZone, O'Reilly da NAPA suna neman kaya da shekarar mota da lambarta, su ba da garanti, su riƙe wani kuɗi har ka kawo musu tsohon sarbo. Suna ma ba da aron kayan aiki in ka ajiye jingina. Kamfanin kayan birki na Wilwood kuwa yana rubuta faɗin bakin kowane masta, abin da ba ka samu a kayan da ake kawo mana daga Mubi ko Duwala a kwali ɗaya, na kirki da jabu. Amma a kuɗin hannu mun fi su sauƙi nesa ba kusa ba. Awa ɗaya ta makanike a nan ta haura dala 100, kuma ba mai kwance masta ya sa masa sabuwar roba, cirewa kawai ake a jefar.

Mai son a aiko masa da kaya ya lura da zaren murɗi na bakin bututun birki. Tsofaffin motocin Amurka suna amfani da zaren inci 3/8 mai layi 24 a kowane inci, Toyota kuma M10 mai tazarar 1.0. Sun yi kama har ɗaya yakan shiga ɗaya da hannu, ya riƙe a gareji, ya saki a ƙarƙashin matsi. Hilux ma ba a sayar da ita a Amurka tun tsakiyar shekarun 1990, Tacoma ce ta maye gurbinta, kuma kayan birkinsu ba lallai su zo ɗaya ba. Abin da ya cancanci kuɗin jirgi ƙanana ne: agogon auna zuƙa, agogon matsin birki mai kai bar 200, da na'urar buɗa bakin bututu mai ninki biyu.