Ketchup ɗin rangwame da ya ba ni kunya a gaban baƙi

Ba zan ambaci sunan kamfanin da ya yi wannan ketchup ɗin ba, domin duk wadda take zaune a Jidda ko Makka, take kuma shiga manyan kantuna gab da azumi, ta san irinsa. Babbar roba ce mai faɗin gindi, ana ɗaure guda biyu da salatif a jera su tun daga bakin ƙofa, a rubuta rangwame da manyan haruffa a kansu, har mutum ya ga kamar idan ya wuce bai ɗauka ba ya yi asara. A gidanmu Heinz muka saba da shi tun yara suna ƙanana. Amma tun da aka ɗaga harajin kayan masarufi daga kashi 5 zuwa kashi 15 cikin ɗari a watan Yulin 2020, babu magidancin da bai koyi lissafin riyal ba, kuma maigidana ya daɗe yana nanata mini cewa tumatir dai tumatir ne, suna kawai muke saye. Da na ga kuɗin ƙaramar robar Heinz ya kusa kai na waɗannan manyan guda biyu, ga azumi ya ƙarato, lokacin da sambusa da soyayyen dankali ba sa yankewa a gida, sai na jefa su a kwandon sayayya.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhi ya faru ne a goman ƙarshe. Yayan maigidana da matarsa sun zo Umra daga Kano, suka ware yini guda suka taho Jidda domin mu sha ruwa tare. Wadda ta san matsayin facala babba a gidan Bahaushe ta san irin shirin da na yi. Tun bayan la'asar nake tsaye a kicin: shurba, kunun gyaɗa, ƙosai, sambusar nama, kaza, da soyayyen dankalin da na tsame daga mai dab da magariba domin ya iso kan tabarma da zafinsa. Al'adata ce in zuba dankalin da sambusar a babban faranti ɗaya, in bar fili a tsakiya in matsa ketchup a wurin, kowa ya riƙa dangwala. Na girgiza robar sosai kafin in buɗe ta, domin na san kowane irin ketchup yakan tsatsar da ɗan ruwa a sama idan ya jima a ajiye. Duk da haka abin da ya fara fitowa ruwa ne tsararo mai launin ja-ja, sannan wani abu mai sulɓi da ƙyalli ya biyo baya, wanda ya ƙi tsayawa inda na ajiye shi. Kafin ladan ya kai ƙarshen kiran salla ya malale ya shige ƙarƙashin dankalin, ya jiƙa gindin sambusar da na ɓata yini ina naɗewa, ɓawon da ya kamata ya yi ƙaras-ƙaras a baki ya saki ya yi laɓo-laɓo.

Facalata ta ɗauki dankali ɗaya ta kai baki, ta ɗan yi jim, sannan ta dube ni da murmushi ta ce, "Amarya, zuma kuke sa wa miyar tumatir a ƙasar nan?" Na ce mata, "A'a Yaya, haka ya zo daga kanti." Ban gama rufe baki ba babbar 'yata ta ture farantin gefe ta ce, "Umma, wannan ba namu ba ne," kuma ta faɗe shi da ƙarfin da kowa ya ji. Mijinta Yaya Alhaji dai bai ce uffan ba, ya nemi a miƙo masa yaji ya ci gaba da cin kazarsa. Babu wanda ya yi mini gori, amma rabin farantin nan haka aka ɗauke shi, kuma sambusa ba abin da ake zubarwa ba ne a gidana.

Bayan an tafi tarawihi na ɗauko robar tare da tsohuwar robar Heinz da ta rage a firji, na juya bayansu na karanta. Ƙa'idar rubuta kayan haɗi a jikin abinci ita ce a fara da wanda ya fi yawa, a gangaro zuwa mafi ƙanƙanta. A jikin na rangwamen ruwa ne a farko, sukari na biye da shi, sannan tumatir, sai sitacin masara da aka sarrafa, da maganin hana lalacewa da ake kira sodium benzoate. A jikin Heinz tumatir ne ya buɗe layi, sauran kuma ba su da yawa: ruwan khal, sukari, gishiri da kayan ƙamshi. A kan wanda ake sayarwa a Ingila har rubutawa suke yi cewa giram 148 na tumatir ne yake shiga kowane giram 100 na ketchup, saboda an dafa shi ruwan ya ƙone. Nan ne bambancin da ya ɓata mini faranti yake. Kaurin da ya fito daga naman tumatir da sinadarin fektin da ke cikinsa yana riƙe kansa ko a kusa da abinci mai zafi, shi kuwa wannan da aka cika wa ruwa aka ɗaure da ɗan sitaci, ƙyalli kawai yake da shi a ido, ba ya tsayawa wuri guda.

Ba yau kamfanin Heinz ya kama wannan hanya ba. A shekarar 1876 ya fara sayar da ketchup a birnin Pittsburgh na Amurka, kuma a zamanin da aka kafa dokar tsabtar abinci da magunguna ta ƙasar a 1906, lokacin da ake ta jayayya a kan illar benzoate, sai ya cire shi daga haɗinsa, ya koma amfani da nunannen tumatir, ya ƙara ruwan khal da sukari domin su ne za su hana shi lalacewa. Wannan ne ya haifar da ɗanɗanon da duniya ta ɗauka a matsayin na ketchup: tsami mai kaifi da zaƙi da gishiri suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, babu wanda ya danne wani, ga kuma wani armashi a ƙarƙashinsu da yake fitowa daga sinadarin gulutamet na nunannen tumatir, wanda shi ne dai yake sa daddawa da dunƙulen magi su ɗaga miya. Abu mai maiƙo kamar dankali ko sambusa tsamin nan yake buƙata domin ya yanke man a harshe. Na rangwamen kuwa tsaminsa ya yi rauni ƙwarai, zaƙi ne yake tarbar mutum, shi ne kuma yake raka shi, shi ya sa bayan loma uku ko huɗu yake gundura.

Sai dai zan yi wa abin adalci, domin da fushina ya sauka na lura cewa ba duk ƙin da yara suka yi masa ne ya fito daga harshe ba. Na ɗura kaɗan daga cikinsa a tsohuwar robar Heinz na ajiye musu da sahur. Babbar ta gane tun kafin ta taɓa, daga yadda ya baje a faranti. Ƙaramin kuwa ya cinye dankalinsa tas har yana suɗe yatsa, alhali shi ne ya fi kowa ƙorafi a daren da baƙi suka zo. Yaran da suka tashi a Jidda sun buɗe ido ne da ketchup a gefen kowane abinci na waje, harshensu ya riƙe ɗanɗano guda ya mai da shi ma'auni, idonsu kuma ya riƙe tambari guda. Mu da muka tashi da yajin ƙuli da miyar tumatir mai attaruhu ba mu da wannan ƙa'ida, shi ya sa Yaya Alhaji bai ga abin damuwa ba. Ko a nan garin ma, wanda ya je Al Baik, gidan sayar da soyayyar kaza da aka kafa a Jidda tun 1974, miyar tafarnuwarsu yake fara nema kafin ya tuna da wani ketchup. Saboda haka maigidana yana da gaskiya a wani ɓangare, sabo da suna suna cikin abin da muke biya wa kuɗi.

Na kuma samo wa ketchup ɗin rangwamen wurin da ya yi amfani. Na kwaɓa shi da tafarnuwa da citta da lemon tsami da ɗan barkono na shafe kaza, na bar ta ta jiƙa sannan na gasa a oben, sai zaƙin nan da ya dame ni a faranti ya kama jikin kazar ya ba ta launi mai kyau, babu wanda ya tambayi wane iri ne. A cikin makaronin yara ma ya shige lafiya. Wata maƙwabciyata da take soya dankali tana sayarwa a ƙofar gida duk azumi irinsa take saye, kuma na fahimce ta, domin masu sayenta yara ne da suke so a malala musu shi da yawa a haɗa da shatta, wato miyar barkono mai yaji, ita kuma da na mai tsada take zubawa da ribar ta tafi a robar. A wannan matakin har na fara tunanin zan iya ci gaba da sayensa domin girki kawai, in bar Heinz domin kan faranti.

Murfin robar ne ya dawo da ni baya. Ramin bakinsa yana da faɗi, abin da ke ciki kuma ba shi da kauri, don haka da yaro ya ɗan karkata ta sai rabin faranti ya cika. Heinz tun 2002 ya fito da robar da take zama a kan murfinta, mai ɗan bawul a baki wanda ba ya sakin komai sai an matsa, kuma sai da na rasa wannan na san amfaninsa. Robar rangwamen kuwa ba a je ko'ina ba maƙalin murfin ya karye, bakin ya riƙa bushewa yana yin baƙin ɓawo, dole na riƙa rufe shi da leda da kyauro. Tsayinta ya hana ta shiga ƙofar firji, kwantar da ita nake yi, ranar da ledar ta zame kuwa sai da na kwashe kayan miya na wanke aljihun firjin gaba ɗaya. Idan aka haɗa wanda ya zube da wanda yara suka malala suka bari a faranti, robar da na ɗauka za ta kai mu bayan salla ta ƙare da wuri, rangwamen da na yi murna da shi bai kai yadda aka rubuta a bakin ƙofa ba.

Akwai kuma batun sukari, wanda ba na wasa da shi saboda maigidana likita ya ja masa kunne. Ketchup na yau da kullum ma cokalin cin abinci ɗaya yana ɗauke da kusan giram 4 na sukari, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma shawararta ita ce sukarin da ake ƙara wa abinci kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na abin da jiki yake samu a yini, wato kimanin giram 50 ga babban mutum. Ketchup ɗin da sukari ya riga tumatir a jerin kayan haɗinsa, wanda kuma yake zuba ba tare da an auna ba, bai dace da tabarmar da Vimto da kunu da dabino suka riga suka hau ba. Shi da ya ce tumatir dai tumatir ne, shi na fara hana wa.

Roba ta biyun ban buɗe ta ba. Tana ajiye a ɗakin kayan abinci, inda sanyin na'ura ba ya kaiwa sosai, kuma bayan salla da na ɗago ta sai na ga launinta ya tashi daga ja ya koma ruwan ƙasa, ruwa ya taru a sama kusan faɗin yatsa biyu, alhali kwanan watan da aka buga a jikinta yana da sauran watanni. Na san zafin Jidda yana canza launin kayan tumatir, amma abin da ake sayarwa bibbiyu ai an san ɗaya zai jira ɗaya. Na ɗauke ta da rasit ɗina na koma kantin, na nuna wa mai kula da sashen cewa ko hatimin bakinta ban cire ba. Ya juya ta ya duba kwanan wata, ya miƙo mini, ya ce kayan rangwame ba a mayarwa kuma ba a canzawa, idan ina da ƙorafi in kira lambar da ke jikin robar. Na kira lambar, ta yi ta ƙara babu wanda ya ɗauka.