Kemis ɗin da ya tsaya yi mini tambayoyi kafin ya miƙo magani

Shekara shida ina fama da ciwon ɓarin kai. In ya taso, hasken taga ma ya zame mini azaba, sai in rufe keken ɗinki in shige ɗaki ina amai. Watan jiya likita ta rubuta mini sumatriptan mai miligiram 50, na kai takardar wani kantin magani da ke unguwarmu a Kano.

Na ɗauka miƙo mini kawai za a yi. Sai mai kemis ɗin ya ce, "Hajiya, kina da hawan jini ko ciwon zuciya?" Na ce a'a, duk da haka sai da ya auna jinina, wai maganin yana matse jijiyoyin jini, bai dace da masu irin wannan larura ba. Ya ce in sha ƙwaya ɗaya da zarar ciwon ya fara. In ya lafa ya dawo, sai bayan awa 2 zan ƙara. In ta farko ba ta yi komai ba, kada in ƙara a wannan tashin. Ya kuma ja mini kunne cewa shan sa kwana 10 ko fiye a wata shi kansa yana haifar da ciwon kai. Har lambar NAFDAC ya nuna mini a jikin kwalin.

Kuɗin dai da zafi, ga benci ɗaya tak, na sha tsayuwa. Amma sau biyu na sha, ban ƙarasa awa ɗaya ba na koma kan keke, sai ɗan nauyi a wuya da ya riga ya faɗa mini.